Mutumin da Teku Ba Ta Ci Ba

A gidanmu an ce teku ta ci shi.
Haka kaka ta sha a nono, haka ta shayar da mu:
Evaristo Maturana, masunci,
ya fita da asuba daga gaɓar Valparaíso
shekarar da ƙasa ta girgiza,
ko hularsa ruwa bai dawo da ita ba.

Na je coci, littafin fada ya yi gum.
Na je ofishin jiragen ruwa, suka ɗaga kafaɗa.
Sai Doña Eduvigis, tsohuwa mai tsaron takardu,
ta leƙo ni ta saman tabarau:
"Talaka ba ya barin wasiyya, 'yata.
In sawunsa kike nema, tambayi wanda ya kama shi.
Alƙalamin ɗan sanda bai taɓa yin azumi ba."

Ta sauko da kundi uku masu warin gishiri,
ta ba ni farar safar hannu kamar zan wanke gawa.
Na buɗe, gari guda ya miƙe tsaye:
mai kifi da ta kasa kaya ba lasisi,
yaron da ya jefi tarago da ɓawon kankana,
baƙon matuƙi da ya sha ya rungumi fitilar titi,
mai alfadarin da ya cinye furen kabari.
Duk wanda tarihi ya tsallake,
sajan bai tsallake shi ba.

Kwana huɗu ina bin layi da yatsa.
Ran na biyar, Yuni, 1911, tsakar hunturu:
Ebaristo Maturana, haka sajan ya ji, haka ya rubuta.
Shekara talatin da takwas. Ba sana'a, ba makwanci.
Dogo, siriri. Hannun dama guntule daga gwiwa.
Kunnen hagu a naɗe kamar ganyen da rana ta dafa.
Na tarar da yatsuna a kan kunnena,
ban san lokacin da suka je ba.

Shekara biyar bayan an binne akwati wayam!

Laifi: tsayuwar dare gaban gida mai lamba sha huɗu,
tudun Cordillera.
Na san gidan. A matakalarsa kaka ta koyi tafiya.
Aka ce, me kake nema?
Ya ce, "Fitila nake kallo."
Tarar peso biyu. Babu. Kwana uku a bayan kanta.
Wurin sa hannu, gicciye karkatacce
daga hannun da bai saba ba.

Agusta, ga shi. Disamba, ga shi kuma.
Gida ɗaya, fitila ɗaya, sajan ɗaya.
A karo na uku babu tara,
sai ɗan rubutu da fensir a gefen shafi,
ƙanana, kamar mai jin kunyar ubangidansa:
"Ya roƙa kada a gaya wa matar gidan.
Ƙungiyar masunta na biyan matan mamata duk wata.
Ya ce matacce yana ciyar da 'ya'ya uku,
mai hannu ɗaya ba zai iya ba."

Daga nan kundi ya rufe baki.
Na shekara mai bi ruwan rufi ya jiƙa shi,
tawada ta narke, ta zama gajimare.
Teku dai ba ta ci shi ba, ɗigon rufi ya ƙarasa shi.

Kaka takan ce uwarta ba ta kashe fitilar taga,
ko ranar da ba a ɗora tukunya ba.
Mun ɗauka don mamaci ne.
Ko ta sani? Ko ta ga inuwa a tsallaken titi
ta ƙara kananzir, ta ja bakinta?
Wannan kam sajan bai tambaya ba.

Da yamma na hau tudun, gwiwa na kuka.
Lamba sha huɗu yanzu gidan burodi ne.
Na tsaya inda nake zaton ya tsaya,
iskar teku na dukan kunnen da ya bar mini,
har wata yarinya ta kunna wuta a bene.
Motar 'yan sanda ta wuce a hankali.
Ni sunana bai shiga kundin kowa ba.